Ƙarambau Ne Ya Kashe Dogo

Yayata tela ce. Kayan makaranta take ɗinkawa, shi ya sa duk layinmu ba a kiranta da komai sai Mai Yunifom. Shagonta ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Keken ɗinki biyu ne a ciki, da teburin yanka da ya cinye rabin ɗakin, da benci guda inda iyaye ke zama kafin a auna yaransu. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, a ƙarƙashin wannan teburin na yi wayo, ina tsintar ƙyallaye ina ɗinka wa 'yar tsana riga.

Waɗanda suka san ta yanzu ba sa yarda idan na ce da can mace ce mai barkwanci. Idan yaro ya ƙi tsayawa a auna shi, sai ta naɗe masa tef ɗin awo a ka ta ce, "To, bari mu ɗinka wa kan wando, tunda ƙafafun sun ƙi." Yaro ya fashe da dariya, kafin ya ankara ta gama awonta. Tana taka keke tana tsokanar masu wucewa. Mai fenti ya sha cewa rediyonsa ya mutu bai damu ya gyara ba, tunda Yaya na nan.

Mijinta mai walda ne, Dogo ake ce masa. Sai ya sunkuya yake shiga shagon, kuma shi ya ƙera ƙofar da yake sunkuyawar. Hannayensa duk tabon tartsatsi ne. Yana shan sigari a ɓoye, a zatonsa Yaya ba ta sani ba, ita kuwa ta sani sarai, don ita ke ɗinke masa aljihun da wuta ta huda. Ban taɓa ganin mutumin nan a kwance da sunan ciwo ba. Ɗansu ɗaya a lokacin, muna ce masa Babba, yana aji biyu, kuma Yaya na ɗauke da tsohon ciki.

Wata rana Babba ya dawo daga makaranta jikinsa da zafi. Washegari ƙuraje suka feso masa a ciki da baya, masu ruwa-ruwa. Kowa ya leƙo sai ya ce ƙarambau ne, ba komai ba ne. Daga baya muka ji cewa wata uwa ce ta tura ɗanta aji da ƙurajensa ɗanyu, ta sa masa riga mai dogon hannu don kada ya rasa jarrabawa. Maƙwabciyarmu ma har kawo tagwayenta ta yi su yi wasa da Babba, wai gara su yi yanzu su huta. Ni Yaya ta tura ni gidan goggonmu, don jarrabawata ta matso kuma ban taɓa yi ba. Ita ta yi nata tun tana ƙarama.

Dogo ne ya yi jinyar ɗansa. Yakan dawo da rana ya tuɓe riga, ya kwantar da yaron a ƙirjinsa, yana shafa masa farin maganin nan na ƙaiƙayi da hannunsa, yana riƙe masa yatsu kada ya sosa. Yaya ta tambaye shi ko ya taɓa yi.

"Ni? Ko ƙarambau tsorona yake ji," in ji shi. "Ta ina zai huda wannan fatar? Wutar walda ma da ƙyar take yi."

Babba ya warke, ƙurajen suka bushe, ya koma makaranta, ni ma na dawo gida. Ba a yi nisa ba Dogo ya dawo daga aiki yana rawar sanyi, aka sake mayar da ni gidan goggo. Abin da ya biyo baya, daga bakin Yaya na ji shi, kuma na ji shi sau ba adadi.

Ƙurajen sun rufe shi ruf, har cikin baki da fatar ido. Ta je kemis ta yi bayani, mai kemis ya yi dariya ya ce babban mutum da ciwon yara, ya ba ta farin maganin shafawa da ƙwayar zazzaɓi. Abokan aikinsa suka zo dubiya suka tarar da shi fari fat kamar an tsoma shi a fenti. Suka yi ta ƙyaƙyata dariya. Ɗaya daga cikinsu, wanda suke kira Gajere, har hoto ya ɗauke shi da waya ya tura wa sauran 'yan garejin. Dogo ya yi yaƙe, amma abin ya ci masa rai. Da tari ya fara, Yaya ta ce su tafi asibiti, ya ce ba inda za shi da wannan fuskar a sake yi masa dariya.

Tarin ya ƙaru. Numfashi ya fara yi masa wuya, ko zuwa banɗaki sai ya tsaya ya dafa bango. Ranar da ta ga leɓɓansa sun canja launi ba ta ƙara neman izininsa ba, ta fita da cikinta ta taro mota, ita da mai fenti suka ciccibe shi.

Likitan da ya duba shi ya tambaye ta me ya sa sai yanzu. Ya ce ciwon ya shiga huhu, ya ce a jikin babban mutum ƙarambau ba abin wasa ba ne, musamman mai shan sigari, kuma akwai maganin da kan taimaka idan an fara shi da wuri. Suka sa masa iskar oksijin, suka yi iya ƙoƙarinsu. Da hantsi Dogo ya cika, Yaya na riƙe da ƙafarsa, don nan ne kawai wurin da babu ƙurji.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Wan Dogo ne ke karɓar mutane a ƙofa, kuma duk wanda ya tambayi abin da ya faru sai ya ce ciwon huhu ne, gajeriyar rashin lafiya. Na ji shi ya faɗa ya fi a ƙirga. Yaya na zaune a ɗaki kusa da taga, tana jin komai. Can wani mutum da ban sani ba ya raɗa wa na kusa da shi, "Wai fa ƙarambau ne," ya rufe baki da hannun riga kafaɗarsa na girgiza.

Sai ganin Yaya muka yi ta miƙe, ta dafa ƙugu ta fito har tsakiyar mutane.

"Malam, ba wai ba ne," ta ce. "Ƙarambau ne. Ka sauke hannunka ka yi dariyar a fili, ai ba kai ka fara ba. Mai kemis ya yi, abokansa sun yi, har hoto suka ɗauka. Dariyarku ce ta hana shi zuwa asibiti." Ta juya wajen wan mijinta. "Yaya, ka daina cewa ciwon huhu. Ƙanenka bai yi sata ba, bai yi abin kunya ba. Ka faɗi sunan abin da ya kashe shi, ko wani ya ji ya tsira."

Mata suka janye ta ciki, ana cewa zafin rashi ne, a yi mata uzuri. Ba su san farkon abin ke nan ba.

Da yamma uwar Dogo, wadda kuka ya gama dashe wa murya, ta ga Babba ya raɓe a bakin ƙofa da tabonsa a goshi. Ta ce, "Yaron nan ne fa ya kwaso mana." Ba na zaton da mugunta ta faɗa, amma yaron ya ji. Yaya ta durƙusa a gabanta da wannan cikin, ta ce, "Mama, ɗanki kika rasa, kuma ban isa in hana ki kuka ba. Amma ki yi wa Allah kada ki ƙara faɗin wannan maganar. Idan na sake ji, zan ɗauki ɗana mu bar gidan nan ko da masu gaisuwa ba su watse ba." Tsohuwar ba ta ƙara ba. Sun daɗe kuma ba su yi wata hirar kirki ba.

Yaya ta haifi mace, muka riƙa ce mata Auta. Ta koma shago da goyo, keke ya ci gaba da juyawa, amma tsokana ta ƙare. Mai fenti ya kai rediyonsa gyara.

Auta ta fara tafiya ke nan wata nas ta kawo 'yarta awo. Tana ganin tabon goshin Babba ta ce, "Ƙarambau ko? Nawa kam an yi musu allurarsa." Yaya na durƙushe tana auna tsawon siket, sai ta tsaya.

"Allurar me?"

"Ta rigakafin ƙarambau. Ai ta daɗe da fitowa. Sau biyu ake yi."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haifi wannan yaron naki da shekaru." Matar ba ta san da wa take magana ba, ta ci gaba da bayani hankalinta kwance. Ta ce a ƙasashen da suka sa allurar cikin rigakafin da ake yi wa kowane yaro, mace-macen ƙarambau sun ragu ƙwarai, har ya zama da wuya ka ji an ce ya kashe wani. Ta ce manya ma sun samu sauƙi, tunda yara sun daina kwasowa daga makaranta suna kawowa gida. Kuma babban da bai taɓa yi ba, shi ma ana iya yi masa.

Ina zaune a keke na biyu ina sa maɓallai. Na ga Yaya ta naɗe tef ɗin a hannunta har yatsunta suka yi fari. Ta gama awon, ta yi wa matar godiya, ta raka ta bakin ƙofa. Sannan ta dawo ta ɗauki almakashi ta maka a bango, har filasta ta ɓantare.

"Ni da nake ci da allura," ta ce, "daga safe har dare allura ce a hannuna, amma wadda za ta bar mini mijina ban taɓa jin labarinta ba."

Washegari ba ta buɗe shago ba. Ta goya Auta, ta ce in biyo ta, muka nufi ƙaramin asibitin da take kai yaranta rigakafi. Ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba, ko ana ruwa ko ana rana. Muka bi layi kamar kowa. Da aka zo kanmu, ta tsaya a gaban babbar nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau da ta san mu.

"Sista, akwai allurar ƙarambau?"

"Akwai, amma ba ma yin ta a nan. Ba ta cikin waɗanda ake ba mu."

"Kin san da ita ke nan."

"Na sani."

"Na zauna a bencin nan da Babba tun yana jinjiri. Kun yi mana wa'azin tafasa ruwa, kun yi mana na gidan sauro, har waƙa kuka koya mana. Ko sau ɗaya bakinki bai iya cewa akwai wata allura a wani wuri ba, mai iko ya nema?"

Nas ɗin ta cire tabarau. "Mai Yunifom, dubi layin nan. Ƙyanda na kashe yara, gudawa na kashe su, firjinmu ɗaya ne kuma wuta sai ta ga dama. Yawancin matan nan ba su da halin waccan allurar. In faɗa musu don in ɗaga musu hankali? Ƙarambau kuma yawanci yana wucewa."

"Yawanci," in ji Yaya. "To ni ce ragowar. Wa ya ba ki ikon ki auna aljihuna ki yanke mini abin da zan sani? Da kin faɗa, da keken nan na ɗaga na sayar."

Dattijuwar ba ta yi gardama ba. Ta yi mata ta'aziyya, ta kwatanta mana wani asibitin kuɗi a can ƙarshen gari. A hanya na ce, "Yaya, ita ma fa tana da gaskiyarta." Ta ce, "Na sani. Shi ya fi ba ni haushi. Kowa da gaskiyarsa, ni kuma da marayu."

Injin waldar Dogo ta sayar. Aka yi wa Auta, aka yi mini. Na so in noƙe, don ina tsoron allura kuma na ga tsadarta. Ta ce, "Aure za ki yi. An ce ba a yi wa mai ciki, kuma idan ya kama mai ciki yana iya tafiya da ita ko ya taɓa abin da ke cikinta. Miƙa hannu kafin in miƙa miki shi." Na miƙa.

Daga nan shagon ya zama wani wuri dabam. Duk uwar da ta zauna a bencin nan sai ta amsa tambaya. Ya yi ƙarambau? Ubansa fa? Ke fa? Wasu sukan saurara, wasu su ce Allah ya kyauta su kawar da kai, wasu su kwashe yadinsu su tafi wajen telan bayan kasuwa, wanda ba ya tambayar komai sai kuɗin aiki. Muka yi asarar masu ciniki sosai. Aka fara cewa rashin miji ya taɓa mata kai.

Wata rana wata mata ta shigo da ɗanta, an maɓalle masa riga har wuya cikin zafin nan. Yaya ta ɗaga masa haɓa za ta auna wuya, sai ga ƙuraje ɗanyu. A bencin kuwa akwai mai ciki zaune.

"Fitar da shi," ta ce.

"Haba Mai Yunifom, awo kawai za ki yi, gobe za su koma."

"Gobe ba zai koma ko'ina ba. Ki kai shi gida ya kwanta har su bushe. Kin ga waccan? Kin tambaye ta ko ta taɓa yi? Kin san wanda zai zauna kusa da shi a aji, kin san uban wa zai rungume wa?"

Matar ta ce ai ba a kanta aka fara ba, ciwon da kowa ke yi. Yaya ta bi ta har titi tana faɗa, mai gyaran waya na ba ta haƙuri. Ba ta tsaya nan ba. A taron iyayen yara na makarantar su Babba ta miƙe ba a ba ta dama ba, ta ce wa shugaban makarantar ya daina karɓar yara masu ƙuraje, kuma ya bar wanda ya yi ciwo ya rubuta jarrabawarsa daga baya, don tsoron rasa jarrabawa ke sa iyaye ɓoyewa. Shugaban ya ce za a duba. Ta ce ta san irin wannan dubawar, za ta dawo. Ta kuwa yi ta dawowa, taro bayan taro, har mutumin ya gaji ya amince.

Abin da ba mu lura da shi ba, ni da ita, shi ne Babba. Kullum yana shagon bayan makaranta, yana jin labarin nan ana maimaita shi ga kowace baƙuwar fuska: yaro ya kwaso a aji, ya kawo gida, uba ya ɗauka. Ya zama shiru-shiru, ya fara sauko da hula har kan gira. Yana sakandare lokacin da ya yi magana. Yaya ta gama yi wa wata bayani ke nan, matar ta fita, sai ya ce, ba tare da ya ɗago daga gugar da yake yi ba, "Umma, kin hana Kaka ta faɗa sau ɗaya. Ke kuma kullum sai kin faɗa."

Yaya ta sauke ƙafa daga keke. "Ni ban taɓa cewa kai ne ba."

"Wane yaron ne to? Duk wadda kika ba labarin sai ta juyo ta kalli goshina."

Yaya ta tashi ta zare wayar dutsen gugar, ta zaunar da shi a benci, ta zauna kusa da shi. Ta ce, "Kai ma ɗora maka aka yi. Da an yi maka allurar da ba ka kwaso ba, da an yi masa da bai ɗauka ba. Manya ne suka gaza, har da ni. Ka yafe mini, ban san ina yanka ka ba." Ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba ranar rasuwar. Na ja ƙofar shagon na tsaya a waje ina sallamar masu zuwa.

Tun daga ranar ta cire shi daga labarin. Takan ce mijina bai taɓa yi ba, ya kamu, ya rasu, kuma akwai allura. Fushin dai bai tafi ba, sai ma ya ƙara kaifi da ya rasa dogon bayani.

Shekaru sun ja. Ƙarambau ya sake shiga makarantar lokacin Auta na aji huɗu, ya kwantar da kusan rabin ajinsu, ita ko ƙurji ɗaya. Ni ina da cikin fari a lokacin, kuma ɗan maƙwabta da ke wuni a ɗakina ya kamu, na haihu lafiya. Wasu daga cikin matan bencin sun kai nasu an yi musu, ba su da yawa, don tsadar na nan. A ƙaramin asibitinmu har yau ba a yin ta, amma dattijuwar nas ɗin, kafin ta yi ritaya, ta fara ambatonta idan tana yi wa iyaye bayani. Da na kawo wa Yaya wannan labarin ina murna, cewa ta yi, "Sai da aka binne mutum."

Yanzu idonta ya fara rauni, ni ke zura mata zare. Babba ya zama mai haɗa wutar lantarki, ya daina sa hula, yana son ta rufe shagon ta huta. Makon da ya wuce ya sake tayar da maganar, ya ce zai iya riƙe gidan.

"In zauna a gida in yi wa wa faɗa?" ta ce. "Bango?"

"Umma, ba ki gaji ba?"

"Na gaji mana. Ranar da aka fara yin ta kyauta a bencin asibitin can, ka zo da kwado ka rufe shagon da hannunka."

Wata matashiya ta leƙo da yaro a hannu da yadi a leda, tana tambaya ko nan ne wajen Mai Yunifom. Yaya ta nuna mata benci, ta jawo yaron gabanta, ta ɗaga masa hannu ta duba har hammata, sannan ta fara awo.